Rigar Aro: Tunani a Kan Rikiɗa da Adalci a Teburin Wasa

Da wuya a sami ɗan Adam ɗin da bai taɓa ɗaga kai ya ga shaho yana shawagi, ya ce a ransa ina ma ni ne ba. Haka nan duk wanda tsoro ya taɓa ritsawa da shi a lungu ya san irin sa'ar da ɓera ke da ita idan ya faɗa rami. Wannan kwaɗayi na fita daga fatarmu mu shiga ta wata halitta tsoho ne ƙwarai, shi ya sa al'ummomi da dama suke da labaran masu rikiɗa. To, amma a labari mai ba da shi ne kaɗai ke da iko. In ya ga dama ya bar gwarzonsa ya rikiɗa sau goma, babu wanda zai ce an ƙware shi. Rigima tana tasowa ne ranar da aka mai da labarin ya zama wasa, mutum biyar suka zauna a tebur guda kowa da gwarzonsa, sa'an nan aka ba ɗaya daga cikinsu ikon zama dabbar da ya ga dama. A kan wannan rigima nake so in ɗan yi tsokaci, domin na jima ina jan ragamar irin wannan wasa, na kuma ga yadda take shiga tsakanin abokai.

Wasan da nake nufi shi ne Dungeons & Dragons, wanda wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar a shekarar 1974 ta hannun wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna TSR a jihar Wiskonsin. Ga mai karatun da bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, kowa da takarda da fensir. Ɗaya daga cikinsu shi ne madugu, wato wanda ke bayyana duniyar da labarin ke gudana a cikinta, yana magana da bakin sarakuna da fatake da dodanni. Sauran kuwa kowa zai ɗauki gwarzo guda ya zama bakinsa da hankalinsa: wannan barde ne mai takobi da garkuwa, wancan ɓarawo ne gwanin sanɗa da buɗe kwaɗon ƙofa, wannan matsafi ne mai surkulle, waccan mai warkarwa ce. Idan gwarzo ya ɗauko aikin da zai iya yiwuwa ko ya faskara, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita za ta yanke hukunci. Kowane gwarzo yana da makin rai, wanda ke raguwa idan an sare shi, in ya ƙare ya faɗi. Yana kuma hawa mataki-mataki gwargwadon wuyar da ya sha, a bugun zamanin nan daga mataki na 1 zuwa na 20. Ba a yin wasan don wani ya cinye wani. An gina shi ne bisa abin nan da Hausawa ke cewa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kowa yana da abin da ya iya, yana da abin da ya gagare shi, dole ya jingina da ɗan'uwansa.

A cikin waɗannan gwaraza akwai wanda ake kira duruwid. Sunan ba ƙirƙirarsa aka yi ba, na malaman tsoffin Keltawa ne na ƙasar Gol, wadda akasarinta ita ce Faransa ta yau, da kuma tsibiran Birtaniya da Ayalan. Yuliyas Kaisar, wanda ya ci Gol da yaƙi, ya rubuta cewa su ne alƙalai da masu koyarwa da masu jagorancin ibada, kuma almajirinsu kan kai shekara ashirin yana haddar karatu, domin ba su yarda a rubuta shi ba. Wani marubucin Rum, Filini Babba, ya bayyana yadda suke hawa wani babban icen kurmi da fararen tufafi, su yanko kauci da laujen zinariya. Babu ko ɗaya daga cikin marubutan nan biyu da ya ce suna rikiɗa. Rikiɗar ta fi fitowa ne a tatsuniyoyin Ayalan da Wels, kamar labarin matar da wani duruwid ya mayar barewa, ko na matsafiya Ceridwen da ta kori yaronta Gwion: ya zama zomo ta zama karyar farauta, ya zama kifi ta zama karyar ruwa, ya zama tsuntsu ta zama shaho, ya zama ƙwayar hatsi ta zama kaza ta haɗiye shi. Abin lura a nan shi ne, kowace siffa da yaron ya ɗauka, da ajalinta take zuwa.

Duruwid ya zama gwarzon da ɗan wasa zai iya ɗauka a shekarar 1976, cikin wani ɗan littafin ƙari mai suna Eldritch Wizardry. Tun daga ranar, masu tsara dokokin wasan suke ta fama da tambayoyi uku: me mai rikiɗa zai samu daga dabba, me zai bari na mutuntakarsa, sa'an nan yaushe kuma sau nawa zai yi? A littafin 'yan wasa na 1978 amsar mai tsauri ce. Sai duruwid ya kai mataki na 7 kafin ya rikiɗa ko sau ɗaya, abin da kan ci watanni ana wasa. In ya kai, sau uku kawai zai yi a yini: sau ɗaya mai jan ciki, sau ɗaya tsuntsu, sau ɗaya mai shayarwa. Girman dabbar kuma daga na jemage ne zuwa na baƙin beyar, wato ƙatuwar dabbar nan mai gashi da farata ta dazuzzukan ƙasashen sanyi. An ba shi wata 'yar garaɓasa, cewa duk rikiɗa za ta warkar da kashi 10 zuwa 60 cikin 100 na raunukansa. Bugu na biyu, na 1989, bai sauya wannan tsari sosai ba. A wancan zamani rikiɗa lada ce ta wanda ya yi haƙuri, ba ta kuma isa ta tsone wa kowa ido ba.

Kiɗa ya sauya bayan da kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, ya fitar da bugu na uku a shekarar 2000, ya kuma yi masa kwaskwarima a 2003. An sauko da rikiɗa zuwa mataki na 5, aka buɗe ƙofar manyan dabbobi a mataki na 8, aka kuma ce duruwid zai ɗauki ƙarfin jikin dabba da zafin namanta gaba ɗaya. Nan da nan masu wayo suka gane cewa babu amfanin ɓata maki wajen ba duruwid ƙarfin jiki, tunda zai aro a wurin beyar kyauta. Sai su zuba komai a hikima, wadda da ita yake surkulle. Abin da ya ƙarasa ɓata lissafin shi ne wata baiwa da aka shigar cikin littafin 2003, wadda ta ba shi damar yin surkulle yana cikin fatar dabba. Wato ga ƙarfin barde, ga sihirin matsafi, ga kuma wata dabbar rakiya da doka ta ba shi, wadda ita kaɗai tana iya karawa da barden ƙaramin mataki. An ce taura biyu ba ta taunuwa, shi kuwa uku yake taunawa lokaci guda. Har 'yan wasa suka laƙaba wa shi da mai warkarwa wani suna da suka haɗa da na Godzilla, dodon finafinan Japan mai rushe birane. A 2006 kamfanin da kansa ya fito da wata hanyar rikiɗa ta daban mai ƙayyadaddun siffofi ga masu so, alamar cewa kukan ya kai kunnensa.

Daga nan sai aka koma ɗaya gefen. A bugu na huɗu, wanda duruwid ya shiga cikinsa a 2009, an ce ya rikiɗa duk lokacin da ya so, babu iyaka, amma lambobin takardarsa ba za su motsa ba. Ko damisa ya zama ko kyarkeci, ƙarfinsa da makin ransa suna nan yadda suke, sai dai wasu dabarun faɗa da ba ya iya yi sai a siffar dabba. Ta fuskar lissafi kam an yi adalci. Sai dai mutane da yawa sun ji kamar yaro ne ya yafa buzu yana tsorata ƙannensa. Garin neman gira an rasa ido. A cikin wannan shekara ta 2009 kamfanin Paizo ya fitar da wasansa mai suna Pathfinder, wanda ya bi hanyar tsakiya. A can rikiɗa ba ta shafe lambobin mutum ta ɗora na dabba, ƙari kawai take yi a kan abin da yake da shi, kamar maki 2 na ƙarfi da 2 na kaurin fata ga wanda ya zama dabba matsakaiciya. Saboda haka ragon duruwid rago ne ko da a fatar kyarkeci. Kayan aro ba ya rufe katara.

Bugun da ni da abokaina muka fi sabawa da shi shi ne na biyar, na 2014. A cikinsa duruwid yana fara rikiɗa tun a mataki na 2, sau biyu, kuma hutun sa'a guda ya isa ya maido masa da su duka. Dabbar sai wadda ya taɓa gani da idonsa. Ba zai zama mai iyo ba sai a mataki na 4, ba zai zama mai tashi sama ba sai a na 8. Yana riƙe siffar tsawon sa'o'i rabin adadin matakinsa. Ba ya magana, ba ya fara sabon surkulle sai ya kai mataki na 18. Har nan komai daidai. Inda gizo yake saƙa shi ne batun makin rai: idan ya zama dabba, ran dabbar ake sara, in ya ƙare sai ya koma mutum da nasa ran cikakke, illa abin da ya yi rara na saran ƙarshe. Ga kuma wani reshe na duruwid, 'yan Da'irar Wata, waɗanda aka ba damar zama manyan dabbobi tun daga farko. Bari mu yi lissafi. Duruwid na mataki na 2 yakan sami makin rai wajen 17, barde kuwa wajen 20. Beyar mai ruwan ƙasa yana da 34, yana kuma kai hari sau biyu a zagaye guda, abin da barde ba ya samu a kai a kai sai a mataki na 5. In aka haɗa beyar biyu da ran duruwid, an sami 85 ke nan a kan 20.

Wannan lissafi na gan shi a fuskokin mutane kafin in gan shi a takarda. Mu biyar ne a teburinmu, muna haɗuwa ran Asabar da yamma a falona. Mai duruwid maƙwabcina ne, mutum mai raha, wanda tun yana yaro ba shi da abin so kamar dabbobi, kuma bai zaɓi gwarzon don ya danne kowa ba. Mai barde kuwa tsarana ne, ya ɓata lokaci yana tsara tarihin gwarzonsa, har da sunan takobinsa da na garin da aka kore shi. A faɗan farko da 'yan fashi suka tare su a kan gada, kafin barde ya gama da mutum ɗaya beyar ya kayar da uku. Aka yi ta dariya da tafi. A faɗa na biyu aka yi dariya kaɗan. A na uku sai mai barde ya jingina da kujera ya ce, "To, mutumina, ka gama ka kira mu mu kwashe ganima." Da wasa ya faɗa, amma kowa ya ji abin da ke ƙarƙashin maganar. Duk da haka wannan ciwo mai sauƙi ne, domin fatar beyar ba ta da kauri kamar sulke, kuma da aka kai mataki na 5 barde ya soma kama shi.

Ciwon da ya fi zurfi a wajen faɗa yake. Ƙaramarmu wata ɗaliba ce mai kunya, ita ke da ɓarawo. Labari ya kai su ga wani gidan hakimi mai ganuwa, inda aka ɓoye wata wasiƙa da za ta wanke wani bawan Allah da aka yi wa ƙazafi. Mako guda ta yi tana shiri. Ta zo da taswirar da ta zana da hannunta a bayan takardar karatu, ta lissafa lokacin da masu gadi ke sauya aiki, ta sayi igiya da kayan ɓad da kama da 'yan kuɗin gwarzonta. Tana cikin bayani sai mai duruwid ya ce, da zuciya ɗaya, "Ai ba sai kin wahala ba, ƙanwata. Bari in zama gizo-gizo in leƙo mana." Doka ta ba shi dama. Cikin minti biyu ya bi bango, ya shige ta ƙarƙashin ƙofa, ya dawo da labarin kowane ɗaki. Ta naɗe taswirarta a hankali ta sa a jaka. Ba ta ƙara cewa uffan ba a daren, Asabar ta gaba kuma ta aiko cewa karatu ya yi mata yawa. A nan na ga iyakar abin da lissafin makin rai zai iya aunawa. Abin da ake rabawa a tebur shi ne lokacin da idon kowa zai koma kan mutum ɗaya ana jiran abin da zai yi, kuma sa'a uku ko huɗu ne kawai a mako. Wanda zai iya zama komai yana iya cinye rabon kowa ba tare da ya sani ba.

Da ta dawo, muka ajiye ƙwaya muka yi magana a fili. Ta ce, "Malam, ni ba na so a rage wa Yaya komai. Ina so dai a bar mini abin da zan yi." Wannan magana ita ta nuna mana hanya. Ba mu taɓa ko harafi ɗaya na doka ba, sai dai muka yarda cewa duniyar labarin za ta riƙa ɗaukar dabba a matsayin dabba. Gizo-gizo makin ransa 1 ne tak, a tsakar gidan hakimi kuma akwai kaji da ƙadangaru da mai shara da tsintsiyarta. In aka taka shi, mutum zai bayyana shi kaɗai a tsakiyar dogarai. Ba shi da hannun buɗe akwati, ba zai iya ɗauko wasiƙa ba. Beyar kuwa in ya doshi ƙauye, dawaki za su tsinke, mata su kwashe yara, maharba su fito. Na kuma koma ga shawarar littafin madugu na 2014, cewa a jera wa gwaraza karo shida zuwa takwas a yini, da gajeren hutu kamar biyu, ta yadda wanda ya kashe rikiɗarsa wajen leƙen asiri zai rasa ta wajen faɗa. Da aka zo gida na gaba mai ganuwa, tare suka shiga: ita da ƙafafunta, shi kuma ɓera a aljihunta. In sun zo ƙofa sai ta sauke shi ya leƙa ta ƙasa. Da yake ba shi da bakin magana, sai suka yi alama, karta ɗaya a tafin hannunta babu kowa, karta biyu akwai mai gadi. A wata ƙofa ya karce ta sau uku, suka tsaya cirko-cirko, ita ba ta san nufinsa ba, shi ba shi da hanyar gaya mata kare ne a kwance. Ba mu taɓa dariya irin ta wannan dare ba.

Abin ya tuna mini wata tatsuniya da na ji ina yaro, ta ɓaunar da ta rikiɗa ta zama kyakkyawar budurwa, ta auri ɗan maharbi don ta san asirin gidansu. Da dare tana lallashinsa yana lissafa mata abubuwan da yake zama idan namun daji sun taso masa, kututture da suri da sauransu, har ya fara faɗin na ƙarshe, ubansa ya daka masa tsawa daga waje ya haɗiye rabin kalmar. Ran da ta ja shi daji ta koma ɓauna, duk abin da ya zama sai ta gane shi ta kai masa suka, sai da ya zama zobe, abin da ba ta gama ji ba, sa'an nan ya tsira. Daɗin wannan labari gaba ɗaya ya rataya ne a kan cewa siffofin yaron ƙidayayyu ne, kuma ana iya sanin lagonsu. Da zai iya zama komai a kowane lokaci, da babu tatsuniyar.

Masu tsara wasan ma ba su daina kai da kawowa ba. A watan Fabrairu na 2023 suka fitar da wani daftari na gwaji, inda suka soke zaɓen dabba daga littafin halittu, suka kawo siffofi uku kacal: dabbar tudu, dabbar ruwa da dabbar sama, kowace da lambobinta tsayayyu, ɗan wasa ya kira ta da sunan da ya so. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin sabon ɗan wasa ba zai riƙa tsayar da tebur yana laluben shafuka ba. Amma jama'a suka ƙi, suka ce in kunkuru da damisa lambobinsu ɗaya ne, to ina rikiɗar take? Cikin 'yan watanni aka janye. A watan Maris na wannan shekara kuma fim ɗin wasan mai suna Honor Among Thieves ya fito, inda wata duruwid mai suna Doric ta tsere daga wani birni tana sauya siffa a jere, daga ƙuda zuwa ɓera, zuwa shaho, har zuwa barewa, a wani wurin kuma ta zama wani dodo mai jikin beyar da kan mujiya. Dokar 2014 ba ta yarda duruwid ya zama wannan dodo ba, ba ta kuma yarda da yawan sauyin ba sai ga wanda ya kai ƙololuwa. Masu kallo ba su damu ba, domin a fim babu wani ɗan wasa da ke zaune yana jiran a zo kansa.

Sabon littafin 'yan wasa na 2024 ya tsaya a tsakani. Duruwid yana zaɓen dabbobin gaske, amma ƙidayayyu, kamar ɗan maharbi: siffa 4 a mataki na 2, 6 a mataki na 4, 8 a mataki na 8, wanda a nan ne ake buɗe masa tashi sama. An kuma toshe kafar nan ta makin rai. Yanzu da nasa ran yake shiga fatar dabba, sai ɗan ƙari na wucin gadi daidai da matakinsa, ɗan Da'irar Wata kuma ninki uku na haka. Wato inda a da yake samun 34 a kowace rikiɗa, yanzu 9 zai samu a mataki na 3, aka kuma ƙara masa kaurin fata don ya rage shan sara. An kuma kawar da abin da ke faruwa a mataki na 20 na tsohon bugu, inda duruwid ke rikiɗa ba iyaka, ya riƙa zama tsohuwar giwar nan mai gashi mai makin rai 126, ana sara yana sabunta ta kowane zagaye. Duk waɗannan gyare-gyare ne na hankali, barde kuma ya sami sarari.

Abu ɗaya ne ban gamsu da shi ba a sabon tsarin: an bar wa duruwid bakinsa, yana iya magana da harshen mutane yana cikin fatar dabba. Na san dalili. Babu daɗi mutum ya zauna shiru sa'a guda abokansa suna shawara, wasan kuma na hira ne. Amma a ganina an sauƙaƙa farashin a wurin da bai kamata ba. Idan aka duba tarihin nan na shekara hamsin, za a ga duk lokacin da aka rage wa dabbar dabbancinta, kamar a 2009 da daftarin 2023, masu duruwid ne suka yi kuka. Duk lokacin da aka bar wa mai rikiɗa mutuntakarsa cikakkiya a cikin fata, kamar a 2003, sauran 'yan tebur ne suka yi kuka. Saboda haka ni dai inda na tsaya shi ne, a bar beyar ya yi ƙarfin beyar, a bar ɓera ya shige inda ɓera ke shigewa, amma a karɓi kuɗin a wurin mutum: harshensa da yatsunsa da surkullensa da fuskar da jama'a suka san shi da ita. Wanda ya ajiye waɗannan a bakin ƙofa dole ya nemi wanda zai yi magana a madadinsa, wanda zai buɗe masa akwati, wanda zai gaya wa mutanen ƙauye kada su harba. Ta haka rikiɗarsa za ta samar wa abokansa aiki a maimakon ta raba su da shi.

Ba na tsammanin akwai bugun da zai kashe wannan magana har abada, domin masu rubuta doka a Amurka ba su san waɗanda ke zaune a teburin kowa ba. Ba su san wane ne mai kunya ba, ba su san wane ne ya kwana yana shiri ba. Iyakar abin da littafi zai yi shi ne ya rage tazarar lambobi, sauran aikin kuwa yana wuyan madugu da 'yan wasansa. Shawarata ga duk wanda ya ɗauki duruwid ita ce, kafin ya ce zai rikiɗa, ya ɗaga kai ya dubi waɗanda ke kewaye da shi, ya tambayi kansa ko akwai wanda wannan aiki nasa ne. In akwai, ya zama dokin da zai kai shi, ko ɓeran da zai leƙa masa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, wanda kuma ya ari rigar dabba, to ya yarda ya tuɓe tasa ya ba ɗan'uwansa ajiya har ya dawo.